Age of Empires II: wasan da rumbu ke cin yaƙi

Na fara ganin Age of Empires II a wani gidan intanet da ke unguwar Bukoki a nan Yamai, a shekarun da ake biyan kuɗin awa kafin a zauna gaban kwamfuta, kuma mafi yawan masu shiga sun zo ne domin aika wasiƙa ko neman makaranta a waje. Mai wurin ya haɗa kwamfutocinsa da waya ɗaya, to idan dare ya yi masu wasiƙa suka watse, sai samari su raba kansu gida biyu su kafa garuruwa, su yi ta gwabzawa har a rufe ƙofa. Wancan gidan intanet ya daɗe da zama shagon wani abu dabam, wayoyin hannu sun kashe kasuwarsa, amma wasan yana nan da ransa. Na sayi sabon bugunsa mai suna Definitive Edition, na yi ta buga shi ni kaɗai da kuma tare da abokan fada, kuma abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na gani a cikinsa, da daɗinsa da wahalarsa ga mutumin da yake zaune a Nijar.

Kamfanin Ensemble Studios na birnin Dallas a Amurka ne ya ƙirƙiri wasan, Microsoft kuma ya fitar da shi a 1999 da al'ummomi 13 da mutum zai zaɓa daga cikinsu. A 2000 aka yi masa ƙari mai suna The Conquerors, a 2009 aka rufe kamfanin da ya ƙirƙire shi, wanda a al'ada hakan yana nufin an yi jana'izar wasa ke nan. Masu sonsa ne suka ƙi sakinsa, suka ci gaba da karawa a intanet suna yi masa gyare-gyare da kansu, har Microsoft ya sake fitar da shi a dandalin Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a 2013, sannan a watan Nuwamba na 2019 aka yi masa sabon gini gaba ɗaya. Yanzu al'ummomin cikinsa sun haura 40, ana shirya masa gasa ta duniya da kyautar kuɗi, irin gasar Red Bull Wololo, kuma ƴan wasa irin su TheViper na ƙasar Nowe da Hera na Kanada suna da dubban masu kallo.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tsarin wasan shi ne a ba ka cibiyar gari guda, da talakawa uku, da mahayin doki ɗaya mai leƙen asiri, a kan taswirar da duhu ya rufe ta sai inda mutanenka suka taka. Abokin gabarka ma haka aka ba shi a wani ɓangare da ba ka sani ba. Babu jiran juna kamar yadda ake yi a dara, inda kowa yake jira ɗan'uwansa ya ajiye ɗansa kafin ya motsa. A nan kowa yana aiki a lokaci guda, agogo kuma ba ya tsayawa. Ana tara abubuwa huɗu, wato abinci da itace da zinari da dutse, da su ake gina gidaje da gonaki da kasuwa da barikin soja, da su kuma ake ɗaga gari daga wani zamani zuwa na gaba har zamani huɗu. Shiga zamani na biyu yana cin abinci 500, na uku abinci 800 da zinari 200, na huɗu abinci 1000 da zinari 800, kuma kowane zamani yana buɗe sababbin mayaƙa da sababbin dabarun noma da ƙira.

Duk wanda ya kalli hoton wasan zai ɗauka cewa na yaƙi ne, ga dawakai, ga takubba, ga ganuwa tana cin wuta. Bayan shekarun da na yi a kansa, ni ina ganinsa a matsayin wasan noma da tattali wanda yaƙi yake zuwa a ƙarshensa domin ya bayyana wanda ya fi iya riƙe gida. Talaka ɗaya yana cin abinci 50, kuma cibiyar gari tana ɗaukar daƙiƙa 25 kafin ta fitar da shi. Ma'anar wannan lissafi ita ce duk minti ɗaya da ka bar cibiyarka a zaune ka yi asarar talakawa biyu da ɗoriya, tare da duk abin da za su sara ko su girba daga lokacin har ƙarshen wasa. Sabon shiga yakan tsaya a talakawa talatin, ya zuba sauran dukiyarsa a kan mahaya domin su ne suke burge ido, sai ya ci karo na farko ya yi murna, amma idan aka karkashe masa su ba shi da abin da zai mayar da gurbinsu. Ƙwararre kuwa a cikin mutum 200 da wasan ya yarda a tara, sama da 100 manoma ne da masu saran itace da mahaƙa, shi ya sa idan rundunarsa ta ƙare sai wata ta fito kamar tururuwa. Hausawa sun riga sun faɗa cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ban san wani wasan kwamfuta da ya ɗauki wannan magana da gaske kamar wannan ba.

A nan ne nake ganin wasan ya fi kusa da mu fiye da yadda masu ƙirƙirarsa suka zata. Wanda ya tashi a Adar ko Arewa ko Gobir, ya ga yadda maigida yake auna rumbu bayan kaka yana lissafin ko geron zai kai shi damina, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan mintuna goman farko na wasan. Tumakin da ke kusa da gari kowace tana ɗauke da abinci 100, gyado yana ɗauke da 340 amma yana iya kashe talakan da ya je tsokano shi, ƴaƴan itatuwa suna ƙarewa, barewa tana nesa da gida. Gona ita ce abin dogaro, sai dai tana cin itace 60 kafin a shuka ta, kuma idan ta ba da abin da ke cikinta sai an sake biyan wani itacen. Wanda ya fara gona da wuri ya rasa itacen gina gida, wanda ya yi jinkiri kuma tumaki suka ƙare sai ya tarar da mutanensa a tsaye babu aiki. Kasuwar wasan ma tana da halin kasuwa ta gaske: idan kana sayen abinci farashinsa yana hawa, idan kana zubar da dutse farashinsa yana faɗuwa, kuma wannan hawa da sauka yana shafar kowa da ke cikin wasan, har abokin gaba. Kasuwa tana cire kashi 30 cikin ɗari a kowane ciniki, amma al'ummar Larabawa ta wasan kashi 5 kawai take biya, don haka mai wasa da su yana iya juya dukiyarsa yadda wani ba zai iya ba. Akwai kuma fatake masu keken kaya da ke zirga-zirga tsakanin kasuwarka da ta abokin ƙawancenka, kuma gwargwadon nisan hanya gwargwadon zinarin da suke dawowa da shi, abin da duk wanda ya san ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma zai gane nan take.

Idan aka zo fagen fama, ƙa'idar ita ce gaba da gabanta. Barade masu sulke suna da tsada, abinci 60 da zinari 75 kowane, kuma suna tattake ƴan baka idan suka cim musu. Amma dakaru masu dogon mashi, waɗanda ba sa cin zinari ko ɗaya, suna kayar da barade, raƙuma ma haka, domin an ba su ƙarfi na musamman a kan doki. Ƴan baka suna harbe masu mashi tun daga nesa, masu jifa da gajeren mashi suna maganin ƴan baka, majaujawa mai jefa duwatsu kuma tana iya share tarin maharba da jifa ɗaya idan mai su ya yi sakaci. Wanda yake kan tudu yana samun ƙarin kashi 25 cikin ɗari a kan na ƙasa, saboda haka wurin da aka tsaya ma wani makami ne. Babu wata runduna da za a ce ita ce ta fi kowa, sai dai a ce wace ce ta dace da abin da wancan yake shiryawa, kuma ba za ka san abin da yake shiryawa ba sai ka tura ɗan leƙen asirinka ya gano, shi ma yana iya gina barga a gabanka domin ka zata dawakai ne, alhali maharba yake tarawa a bayan daji. Yaƙi ɗan zamba ne, kuma wannan zambar ce take sa karawa da mutum ɗaya sau hamsin ba ta gundura, domin taswirar tana canzawa a kowane wasa, shi ma yana koyon halinka kamar yadda kake koyon nasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wasan yake hukunta mutum a kan rarraba hankali. Hannu biyu kake da su da ido biyu, amma gonaki suna bukatarka, sojoji suna bukatarka, gidaje sun cika sai an gina wani kafin a sami sabon mutum, ga kuma mahaya huɗu sun kutso ta wata kafa suna kashe masu saran itace. Dole ka zaɓi abin da za ka bari ya lalace. Wasannin waya da yawa da yaranmu suke bugawa a yau an gina su ne a kan jira ko biya: ka dasa gini ka dawo bayan awa takwas, ko ka sa kuɗi a gama maka shi yanzu. A Age of Empires II babu kuɗin da zai sayi nasara a cikin fage. Ɗan minista da ɗan mai shayi suna farawa da talakawa uku da dukiya iri ɗaya, kuma idan an ci ka kana iya buɗe faifan wasan da aka naɗa ka ga daidai mintin da ka yi kuskure.

Ga wanda ba ya son karawa da mutane, akwai labaran tarihi da ake bi mataki-mataki. Tun bugun farko akwai na Salahuddin, wanda aka ba da shi ta bakin wani jarumin Turawa da aka kama a yaƙi, har da karon Hattin na 1187, akwai na Jengis Khan, da na Jan Dark ta Faransa, da na Barbarosa. A 2015 aka fitar da ƙari mai suna The African Kingdoms, wanda ya shigo da mutanen Mali da Barbar na Arewacin Afirka da Habasha da Fotugal, kuma dukansu suna cikin sabon bugun ba tare da ƙarin kuɗi ba. Labarin Mali yana bin Sunjata Keita ne tun daga gudun hijira har karonsa da Sumanguru na Soso a Kirina wajen 1235, na Barbar kuma yana bin Ɗariƙ bin Ziyad da ya ƙetara zuwa Andalus a 711. Ranar da na fara ganin gine-ginen laka masu itatuwa a jikinsu sun fito a fuskar kwamfuta, ga kuka a tsaye, ga jimina tana gudu a fili, na ji wani abu da ban taɓa ji a wasan kwamfuta ba, domin irin ginin da muke gani a masallacin Agadas ne. Mutanen Mali suna biyan itace kaɗan wajen gini, suna da fifiko a harkar zinari kamar yadda ya dace da ƙasar Mansa Musa, jami'arsu kuma tana aiki da sauri, wanda ishara ce ga Tumbuktu.

Sai dai a nan ma ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Mayaƙan da aka keɓe wa Mali mata ne masu jifa da wuƙa da ake kira Gbeto, alhali wannan suna da wannan al'ada na Dahome ne, masarautar da ke kudancin Benin ta yau, wadda ta yi tashe ɗaruruwan shekaru bayan Sunjata kuma a wata ƙasa dabam. Wannan kamar a ɗauko kayan Bamaguje a sa wa Buzu ne a ce ai duk Afirka ce. Babban ginin alfahari na Mali a wasan shi ne masallacin Jenne a siffarsa ta yanzu, wadda aka gina a 1907. Sannan an rarraba Turai daki-daki, har ƙananan masarautu sun sami al'ummarsu, amma babu Songai, babu Kanem da Barno, babu Hausa, duk da cewa ganuwar Kano da mahayan Barno da daular Askiya suna cikin zamanin da wasan yake magana a kai. Wanda yake son jin Hausa a wannan jerin wasanni sai ya koma Age of Empires III, inda ƙarin The African Royals na 2021 ya shigo da Hausawa da Sarauniya Amina da barade masu lifidi da wasu mayaƙa da ake kira Maigadi. Na buga shi, na ji daɗin jin sojoji suna amsawa da harshena, amma tsarinsa bai kama ƙafar na biyu ba, kuma bayan ƴan makonni na koma inda na fito. Don haka nake gaya wa ɗan yayata, wanda yake kwaleji kuma ya fara son tarihi ta dalilin wannan wasa, cewa ya ɗauki sunaye da shekaru daga ciki ya je ya tambayi malaminsa, kada ya ɗauki wasan a matsayin littafi.

Sabon bugun ya yi gyaran da ya kamata ba tare da ya taɓa ƙashin bayan wasan ba, kuma wannan shi ne babban yabon da zan yi masa. An sake zana komai da kyau, ana iya sa gonaki su riƙa sabunta kansu maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya, ana iya jera wa talaka ayyuka da yawa a jere, kuma kwamfuta ta iya wasa yanzu ba tare da an ba ta dukiyar ɓoye ba kamar a da. Akwai darussa gajeru masu koya wa mutum yadda ake fara gari da sauri da yadda ake tare hari, kuma ina ba kowane sabon shiga shawarar ya fara da su. A intanet ana auna kowa da maki, sai a haɗa shi da tsaransa, saboda haka bayan wasanni goma na farko, waɗanda galibi shan kashi ne, mutum yakan fara samun abokan karawa daidai ƙarfinsa. Akwai shi da Faransanci, wanda hakan sauƙi ne ga mafi yawanmu, amma babu shi da Hausa.

Wahalar da ke cikinsa ga mazaunin Yamai ta fi yawa a wajen wasan. Bugun 1999 yana tashi a kan kusan kowace tsohuwar kwamfuta, amma na yanzu yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da ma'ajiyar aiki, wato RAM, ta giga 4 aƙalla, kuma a gaskiya sai da 8 yake sakewa idan mutum takwas suka cika fili da sojoji. Sauke shi yana cin giga da yawa, sabuntawa kuma tana zuwa a kai a kai, don haka mai sayen intanet na kwana ko na mako zai ji a aljihunsa; ni a wurin aikin wani aboki mai layi marar iyaka na sauke nawa da izininsa. Kuɗinsa lokacin da ya fito dalar Amurka 20 ne, farashin yana canzawa, Steam kuma yana yin rangwame sau da yawa a shekara, amma biyan yana bukatar katin banki mai aiki a waje, wanda ba kowa ke da shi ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kwamfutar cinya ta gwanjo tana ɗaukar zafi har wasan ya fara tsalle, sai an ɗaga ta a kan wani abu an juya mata fanka. Ɗaukewar wuta ita ce babbar musiba: a wasan maki na intanet, wanda layinsa ya yanke an ci shi ke nan, ko da shi ne yake gab da rushe fadar abokin gaba. Ya faru da ni fiye da sau ɗaya bayan minti arba'in na aiki, shi ya sa yanzu ba na shiga wasan maki sai batir ya cika kuma wayata ce take ba da intanet.

Akwai abu ɗaya da tsohon bugun ya fi sabon, kuma ya shafe mu kai tsaye. A da ana haɗa kwamfutoci da waya a ɗaki ɗaya a yi wasa ba tare da intanet ba sam, kamar yadda muke yi a Bukoki. A sabon bugun, ko kuna zaune a kan tabarma ɗaya, sai kowa ya fara shiga ta intanet kafin ku haɗu. Ga mutanen Turai wannan ba komai ba ne, amma a wurinmu yana iya hana wasan dare guda gaba ɗaya, kuma da masu wasan za su mayar da wannan tsohuwar hanya da sun yi wa ƙasashe irin tamu babban alheri.

Ga iyaye masu tambaya ko ya dace da yara, mayaƙan ƙanana ne a fuskar kwamfuta kuma babu tsiraici ko zubar da jini mai tayar da hankali. Akwai malaman ibada da suke warkar da raunuka suna kuma janye sojan abokin gaba zuwa ɓangarensu, akwai kiɗa wanda ake iya kashewa. Haɗarinsa na gaske shi ne cin lokaci, domin karawa ɗaya tana ɗaukar rabin awa zuwa awa guda, kuma a wasa da mutane ba a tashi a tsakiya ba tare da an cuci abokan ƙawance ba. A fadarmu ƙa'ida ita ce ba a fara sabon wasa idan sallah ta kusa, kuma ɗalibai ba sa taɓawa sai ranar da babu makaranta.

Ina ba da shawarar sayensa ga duk wanda yake da kwamfutar da za ta ɗauke shi kuma yake da haƙurin koyo, musamman idan zai sami mutum biyu ko uku da za su fara tare, domin shan kashi a hannun aboki ya fi saurin koyarwa fiye da na baƙo. Wanda yake neman abin da zai danna na minti biyar a cikin taksi, wannan ba nasa ba ne. Sabon shiga ya fara da darussan, ya bi labarin Sunjata har ƙarshe, sannan ya kara da kwamfuta a matsakaicin mataki a taswirar Arabia yana kula da abu ɗaya tak, wato kada cibiyar garinsa ta daina fitar da talakawa. Ranar da ya kai talakawa ɗari kafin minti talatin da biyar, ya isa ya zo fada ranar Asabar bayan isha'i, za mu ba shi Mali, mu kuma mu ɗauki raƙuma.